Tikitin da Aka Yanka Bisa Kuskure, Wa Zai Ɗauki Nauyinsa?

'Yan'uwa, bari mu soma da misali wanda ba shi da wuyar ganewa. Ga wata tsohuwa a Kaduna tana so ta tafi Abuja ta ga jikan da aka haifa mata. Ba ta iya karatu ba, sai ta ba ɗanta kuɗi, ta ce ya yanko mata tikitin jirgin ƙasa. Yaron bai je tasha ba, gama yanzu a kan yanki tikiti a cikin wayar hannu. Ya danna nan, ya danna can, ya biya. Ran tafiya ta yi sammako, ta ɗaure 'yar kukarta da daddawarta, ta isa Rigasa. A bakin ƙofa mai duba tikiti ya duba, ya ce, "Mama, wannan ai na mai tasowa daga Idu ne zuwa Rigasa. Ke kuwa Idu za ki." Ashe yaro ya juya tashoshin biyu, ya sa ta tashi a wurin ta sauka.

Jirgi ya tashi ya bar ta. Kujerar da aka ajiye dominta a wancan jirgi ta tafi ba kowa a kai. To, wa zai ɗauki hasarar? Tsohuwa za ta ce ita ba ta ko taɓa wayar ba. Yaro zai ce wayar ce ta ruɗe shi, gama rubutun ƙanana ne. Mai duba tikiti zai ce shi abin da ke rubuce ya karanta. Ma'aikatan reluwe kuma za su ce abin da aka nema a wurinsu shi suka sayar, ba su ƙara ba, ba su rage ba. Kowannensu yana da 'yar gaskiyarsa, shi ya sa maganar ta isa a zauna a kanta. Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. A kan irin wannan ne mutane da yawa su kan yi faɗa a tasha, har babba ya zubar da girmansa a gaban yara.

Dā ba haka a ke yi ba. Sa'ad da aka fara jirgin ƙasa a Ingila, akawu ya kan rubuta kowane tikiti da hannu. Wajen ƙarshen shekarun 1830 wani mai kula da ƙaramar tasha a arewacin ƙasar, sunansa Thomas Edmondson, ya ƙago ɗan tikitin kwali wanda aka riga aka buga, da sunan tasha, da kuɗi, da lamba bi da bi, ga kuma wani ƙarfe mai buga kwanan wata a gefensa. Abin lura shi ne lambar nan ba domin fasinja aka sa ta ba, domin akawu ne. In an ƙidaya tikitin da ya fita, an san kuɗin da ya kamata a tarar cikin akwati da yamma. Watau tun farko nauyin lissafi yana wuyan akawu ne. A Ingila an yi ta amfani da wannan kwali har 1990, irinsa ne kuma kakanninmu suka riƙe bayan da jirgi ya iso Kano a 1911.

A zamanin kwali mutum ya kan tsaya a bakin taga ya ce, "Zariya." Akawu ya ce, "Kai kaɗai? Na yau ya wuce, sai gobe." In baƙauye ya faɗi abin da ba shi yiwuwa, akawu ya gyara masa tun kuɗi bai bar hannunsa ba. Ba mu ce akawunan nan duka salihai ne ba. Akwai masu tsawa, da masu rufe taga jirgi yana tsaye, da masu fid da tikiti ta bayan gida. Ko a hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda aka buɗe a watan Yuli 2016, tsawonta kilomita 186, an sha kuka a kan masu saye tikiti su ɓoye su sayar da tsada, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa aka fara sayarwa ta intanet a watan Janairu 2021. Bayan harin da aka kai wa jirgin a watan Maris 2022, da ya koma aiki a watan Disamba na shekarar, aka ce sai da lambar shaidar ɗan ƙasa za a sayar wa mutum tikiti. Dalilin yana da ƙarfi, ba mai gardama. Amma ga ƙarin wurin da yatsa zai zame, gama lambar nan tana da alƙaluma goma sha ɗaya.

Abin da mu ke so a gane shi ne, da aka kau da akawu daga bakin taga ba a kau da aikinsa ba. An ɗora wa fasinja ne. Shi zai zaɓi tasha, shi zai zaɓi rana, shi zai rubuta suna, ba kuwa wanda ya koya masa, ba kuma wanda zai ce masa, "Malam, ka tabbata?" Akawu an horad da shi, ana biyansa. Fasinja shi ke biya, shi ke aikin.

Duk da haka ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba. Wanda hannunsa ya danna, shi ne na fari wajen ɗaukar hasara. Hasarar ta riga ta auku, ba ta ɓacewa don ba wanda ya yi nufinta. Kujerar nan da ta tafi wofi, akwai wani matafiyi da ya nema bai samu ba. In aka ce reluwe ta mayar wa kowane mai kuskure kuɗinsa duka bayan jirgi ya tashi, daga ina kuɗin zai fito? Daga aljihun waɗanda suka duba nasu da kyau ne, gama a kansu za a ƙara kuɗin tafiya. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Muna faɗin wannan da nauyin baki, gama mun san halinmu. Mu kan ce tulu ya fashe, da wuya mu ce na fasa tulu. Mu kan ce jirgi ya bar ni, sai ka ce jirgin ne ya yi gaggawa, ba mu ne muka makara ba. Yanzu kuma mun sami sabon mai ɗaukar laifi wanda ba shi da bakin musu, watau waya. Yaron da ya juya tashoshin nan, in ya girma yana cewa waya ce ta ruɗe shi, gobe in an ba shi littafin kuɗin jama'a zai ce alƙalami ne ya ruɗe shi.

Amma ɗaukar hasara dabam, amsa sunan ɓarawo dabam. Nan ne zuciyar maganar ta ke. In ɗanka ya fasa tulun maƙwabciya bisa tsautsayi, za ka saya mata wani, ba wanda zai ce a kai shi gaban alƙali. In ya ɗauke tulun da dare ya sayar, wannan wata magana ce, ko da shi ke hasarar maƙwabciya ɗaya ce, tulu guda. Masu karatunmu sun san dokar Musa ta yi wannan bambanci. A Littafin Firistoci sura 5, wanda ya taɓa kayan tsarki da rashin sani ba a sake shi haka kawai ba, an ce ya mayar, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. A Littafin Ƙidaya sura 35 kuma an keɓe birane shida inda wanda ya kashe mutum ba da gangan ba zai gudu ya tsira. Bai zauna gida kamar ba abin da ya faru ba, ba a kuma yi masa hukuncin mai ganganci ba. Rashin nufi ba ya share bashi, bashi kuma ba ya maishe da mutum mugu.

Inda aka fi ganin abin da ke faruwa in an gama waɗannan biyu wuri ɗaya shi ne Ingila, ƙasar da ta fara jirgin. Can kamfanoni da yawa ne su ke tafiyad da jirage, irin tikiti kuwa ya yi yawa ƙwarai. A 2018 ƙungiyar kamfanonin da kanta ta ce akwai farashi dabam dabam wajen miliyan 55. Akwai wani katin rangwame na samari 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda ke rage musu kashi ɗaya cikin uku. Amma cikin sharuɗansa an ce a ranakun aiki, kafin ƙarfe goma na safe, ba rangwame a kan tikitin da bai kai fam 12 ba, sai dai a watan Yuli da Agusta. A 2024 wani saurayi ya yanki tikiti ta waya da wannan kati, zai shiga Manchesta daga wata 'yar tasha kusa da birnin. Sunan da aka buga a kan tikitin, ma'anarsa ita ce "kowane lokaci". Ya shiga jirgin safe. Mai duba tikiti ya ce tikitin ba shi da amfani a wannan sa'a. Abin da ya rage a kansa bai kai fam biyu ba. Saurayin ya ce ya nemi ya biya nan take, ba a karɓa ba. Daga baya kamfanin, mai suna Northern, ya aiko masa da takarda cewa ana iya kai shi kotu. Da labarin ya bazu a watan Oktoba, jama'a suka yi ca, sai kamfanin ya janye wannan ƙara da sauran irinta da ke gaban kotu.

Yaya za a kai mutum kotu a kan abin da bai kai fam biyu ba, bai kuwa yi nufin cuta ba? Amsar tana cikin dokokinsu. Suna da tsohuwar doka ta 1889 wadda ta ce sai an nuna mutum ya yi nufin ƙin biya. Suna kuma da wata ƙa'idar reluwe wadda ba ta tambayi nufi ba sam. In ka shiga jirgi ba ka da tikitin da ya dace, ka yi laifi, tara tana iya kai fam 1,000. Ban da kotu akwai tarar nan take, wadda aka ɗaga a watan Janairu 2023 zuwa fam 100 tare da kuɗin tafiya, a rage ta zuwa fam 50 in an biya cikin kwana 21.

Kafin mu yi wa kamfanonin dariya, bari mu tsaya a wurin mai duba tikiti kaɗan. Ba ya ganin zuciya. Mutum goma za su ce masa "kuskure ne" kafin azahar, mai gaskiya da maƙaryaci da kalmomi iri ɗaya, sau da yawa ma maƙaryacin ya fi iya marairaice fuska. A lokacin da aka ɗaga tarar, kamfanonin sun kimanta hasarar da masu ƙin biya ke jawo musu wajen fam miliyan 240 a shekara. In mai duba tikiti ya gaskata kowa, ba da daɗewa ba kowa zai zama mai kuskure. Saboda haka tsananin da mai gaskiya ya ke sha a tasha, rabinsa maƙaryata ne suka saya masa. Duk wanda ya taɓa cewa "ban sani ba" alhali ya sani, shi ya sa ba a gaskata tsohuwa mai gaskiya a bayansa. Wannan ya kamata ya dame mu fiye da tarar.

Ko da shi ke haka ne, ba mu yarda wannan hujja ta wanke mai sayarwa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya rubuta "kowane lokaci" da manyan baƙaƙe a fuskar tikiti, sa'an nan ya sa "ban da safe" a wata takarda dabam, ya haƙa rami a kan hanya. Na'urar da ta san sa'ar da a ke ciki, ta san katin, ta san dokar, amma ta karɓi kuɗi ba ta ce uffan ba, ba ta yi ko rabin aikin akawun da ta gāda ba. A ganinmu nauyin kowa gwargwadon saninsa ne da ikonsa. Fasinja ya kan yanki tikiti sau kaɗan a shekara. Kamfani yana sayad da dubbai kowace rana, yana kuma ganin inda mutane su ke tuntuɓe. In mutum ɗaya ya faɗi a wuri, a ce bai duba ba. In ɗari suka faɗi a wuri guda, sai a je a dubi wurin. Wanda ya ga haka shekara da shekaru bai gyara ba, yana kuma karɓar tara daga waɗanda suka faɗi, ba zai ce hannunsa tsarkakakke ne ba.

Akwai wani abin da ya faru a shekara ta 2024 wanda ya isa ya sa kowa ya sunkuyad da kai. Tun 2016 an ba kamfanonin jirgi izini su kai waɗansu ƙananan ƙararraki ta wata gajeriyar hanya, inda majistare guda zai duba takardu ya yanke hukunci ba tare da zaman kotu a fili ba. Amma izinin bai haɗa da laifin da ke ƙarƙashin dokar 1889 ba. Waɗansu kamfanoni suka yi ta bin wannan hanya da irin waɗannan ƙararraki. A watan Agusta 2024 babban majistare, Paul Goldspring, ya yanke cewa hukuncin da aka samu ta haka banza ne, aka kuwa ce abin ya shafi ƙararraki wajen 74,000, za a mayar wa mutane tarar da suka biya. Ashe waɗanda su ke kai fasinja kotu don bai karanta sharuɗa da kyau ba, su ma ba su karanta nasu da kyau ba, ga su kuwa da lauyoyi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da kuskuren ya zama nasu, me aka yi? Aka ce a gyara, a mayar da abin da aka karɓa. Mudun da ya ishe su, don me ba zai ishi saurayi mai bashin fam biyu ba? Gwamnati ta sa hukumar da ke lura da reluwe ta bincika, a watan Yuni 2025 kuwa hukumar ta ba da rahoto cewa sharuɗan tikiti sun yi wuyar ganewa, kamfanoni ba sa bi da mutane iri ɗaya, ana kuma tsananta wa masu kuskure fiye da kima.

Sai dai kada mu ɗauka duk abin da ba ganganci ba ne kuskure ne tsantsa. Tsakanin su biyu akwai sakaci, a nan kuwa yawancinmu mu ke zaune. Mutumin da ya karanta bai gane ba, dabam ya ke da wanda ya ƙi karantawa don yana jin in ya karanta zai ga abin da ba ya so. Wanda ya ga tikiti ya yi araha fiye da yadda ya saba, zuciyarsa ta ce masa akwai dalili, ya yi sauri ya biya kafin ta gama magana, wannan ba zai ce bai sani ba. Ya zaɓi kada ya sani ne. Ba mai duba tikitin da zai iya kama shi, shi kaɗai ya san abin da ya wuce a ransa a wannan ɗan lokaci.

Ga kuma wata gwaji da mu kan yi wa kanmu. Mun sha ganin mutum yana buga tebur don kuskure ya cuce shi. Ba mu cika ganin layin masu komowa su ce, "An ba ni kujera mai tsada da kuɗin mai araha, ga cikon," ko, "Yaron nan ya wuce shekarun rabin kuɗi," ba. In kuskure ya ci mu, mu ce zalunci ne. In ya ci reluwe, mu ce rabo ne. Mutumin da ke so a tausaya masa ran da yatsansa ya zame, amma ya yi shiru ran da na wani ya zame ya amfane shi, ba adalci ya ke nema ba, riba ya ke nema ta kowace fuska. Mu kan kwantad da zuciyarmu da cewa kuɗin hukuma ba na kowa ba ne. Da wannan kuɗi ne a ke biyan mai gyaran dogo wanda ranmu ke hannunsa.

Sauran maganar ɗan aike, gama a ƙasarmu yawancin tsofaffi ba su ne ke danna waya ba. Wanda ya karɓi aike ya karɓi amana, kuskurensa kuwa ya fi na mai yi wa kansa nauyi, tun da shi ke wani ne zai sha rana a tasha. Amma mai aike ma yana da nasa. Ga misali, inda a ke da jirgin dare, tsoho ya ce a yanko masa na daren Juma'a. Bisa lissafin gargajiya daren Juma'a ya kan shiga ne da faɗuwar ranar Alhamis. Yaron makaranta kuwa zai zaɓi Juma'a da dare. Kowannensu ya faɗi gaskiya, ya ji gaskiya, tafiya kuwa ta ɓaci da kwana guda. A irin wannan ba mu ga amfanin neman mai laifi ba, sai a raba hasara a wuce.

Game da tsohuwarmu ta Rigasa, ga yadda mu ke gani. Mai duba tikiti yana da gaskiya da ya hana ta shiga, gama kujerar da za ta zauna ta wani ce. Ba shi da gaskiya in ya yi mata tsawa ko ya dube ta kamar mai ha'inci. Wanda ya zo da tikitin da aka biya cikakke ba ɓarawo ba ne, bai kuma rage shi da kome ba in ya nuna mata inda za ta tambayi ko da sauran wuri a jirgin gaba. Mai sayarwa, ko wane ne shi, in ya iya canja tikiti kafin jirgi ya tashi da ɗan abin da zai riƙe na wahalarsa, ya yi, gama a lokacin kujerar tana sayuwa, ba wanda ya yi hasara. Kuɗin tikiti na biyu kuwa daga aljihun yaron ya kamata ya fito, ko da uwar za ta ce ya bari, kamar yadda iyaye mata su kan yi. In ta yafe, kyauta ce ta ba shi, sai ya karɓa da godiya, kada ya ɗauka hakkinsa ne. Ran da ta sāke aikensa, kafin ya danna wurin biya, ya zauna kusa da ita ya karanta mata da ƙarfi: daga ina, zuwa ina, wace rana, ƙarfe nawa. Ita ba ta iya karatu ba, amma ta san inda za ta, da ta ji "daga Idu" za ta tsai da shi.